Faifan da Ya Zo daga Sabha

A shekarar da fari ya sake komowa Damagaram, wato Zinder, kwamfutoci biyu ne a ɗakina, irin waɗanda ake naɗewa a sa a jaka. Ta farko na saye ta hannu ne a wata kasuwar tsofaffin kaya a Marseille, lokacin ina aikin tafinta a tashar jiragen ruwa. Baƙa ce mai kauri, kuma duk wanda ya rataya ta a kafaɗa sai ya san ya ɗauki kaya. Idan aka kunna ta, fankar cikinta sai ta kama gurnani, iska mai ɗumi na fita ta gefe. Ta bi ni Abidjan, ta bi ni Tarabulus, ta dawo da ni gida.

Ta biyu wata ƙungiyar agaji ce ta bar mini, bayan na yi musu tafinta a ƙauyukan Takieta. Siririya ce, fara, ba ƙara, ba nauyi, batirinta yana daɗewa. Tunda ta shigo gidan na ture tsohuwar ƙarƙashin gado. Abu ɗaya na lura babu a jikinta, wato ƙofar sa faifai, amma ban ɗauki wannan a bakin komai ba.

Ina da yaya mace, wadda ta goya ni, tana aure a wani ƙauye can bayan Tirmini. Ko da furfura ta cika mini kai, Auta take kirana. Mijinta ya tafi ci-rani a babban farin da aka yi muna matasa, bai dawo ba, ba a kuma ji inda ya ƙare ba. Saboda haka da kaka ta zo babu ko damin kirki a gona, ɗanta na fari ya ce zai tafi Libiya, sai ta hana shi. Ya sake roƙo, ta sake hanawa. Wata safiya ya fita sallar asuba, bai komo gida ba. Ya bar mata matarsa da 'ya'ya ƙanana. Da mata suka shigo yi mata jaje, magana ɗaya ta yi: "Ya tafi, amma ba da yawuna ba." Daga nan ba ta ƙara tada zancensa ba.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san nauyin wannan magana. Na zauna cikin mutanen da ɗa zai bar gida a kan saɓani, bayan shekaru ya bugo waya a yi dariya, a wuce wurin. Mu a nan, mutum yana iya jure yunwa da hamada, amma ba ya samun barci idan ya san uwarsa na riƙe da shi a zuciya.

Cikin bazara wani direban babbar mota ya yi sallama a ƙofar gidana, ya miƙo mini faifai a naɗe cikin leda. Ya ce a Sabha, can Libiya, wani ɗan ƙasarmu mai aikin lambu ya ba shi, ya ce a kai wa kawunsa mai ordinatar, kamar yadda muke kiran kwamfuta a Zinder. Na jawo tsohuwar daga ƙarƙashin gado, na sa faifan. Sai ga ɗan yayata a zaune kan kujerar wani shagon hoto, bayansa an rataya labule mai zanen teku. Ya daɗe yana gaisuwa, gida-gida, har da masu unguwa da limami. Sai can ƙarshe ya cire hula ya riƙe ta a hannu, ya yi magana da uwarsa.

A makon ne kuma saƙo ya iso cewa Yaya tana kwance, ƙafafunta sun kumbura. A shekara irin wannan, kowa ya san abin da kumburin ƙafar tsoho yake nufi. A lokacin wayar hannu ba ta kamawa a garinsu, shi ma can ba shi da ita. Na auna hanya da tafiyar ƙasa da za a yi bayan an sauka daga kwalta, na auna nauyin tsohuwar da batirinta da ya gaji. Sai na kwafe saƙon na zuba a sabuwar, na bar faifan a gida.

Na san ƙauyen da hayaniya, amma wannan karon shiru na tarar. Ba kukan jaki, ba cara. Rumbuna a buɗe, an cire musu hula an ajiye a ƙasa. A bayan gari na wuce mata suna tonon gidan tururuwa don ɗan hatsin da ke ciki. A tsakar gidan Yaya akwai ƙwarya cike da anza, 'ya'yan itacen da ake ci a yunwa, an jiƙa, ana jiran ɗacinta ya fita. Rijiya ta yi nisa ƙwarai, sai mace ta yini a bakinta kafin ta cika bido guda, wato jarka, kuma da shi za a sha, a yi alwala, a dafa abin da aka samu.

Na sami Yaya a rumfa kan tabarma, surukarta na yi mata fifita.

"Auta, kai ma yunwar ce ta koro ka daga birni?"

"Saƙo na kawo, Yaya."

"Na wa?"

"Na mutumin Sabha."

Ta juya fuska. Ɗan fari ne, ko lokacin da take lafiya ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. "Ni me ya ruwana da saƙonsa? Ga matarsa nan, ba ta." Amma ta sa hannu ta gyara ɗankwalinta, ta ce a tada ta zaune.

Na ɗora kwamfutar kan turmi na kunna. Idon Yaya ya yi rauni, inuwa kawai take gani, amma kunnenta ras. Maƙwabta suka taru a bakin rumfa. Yana gaisuwa ana amsawa, wanda duk ya ji an ambaci gidansu sai ya ce, "Muna lafiya, muna amsawa." Rana tana tsaka, iskar da ke shigowa kamar daga bakin maƙera. Na ji ƙasan na'urar ya ɗau zafi. Yana cikin gaida limami, sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi.

"Ya gama ke nan?" in ji Yaya.

"Bai gama ba. Zafi ne ya kama ta, sai ta huce."

Na rufe ta na tura turmin inuwa, na tafi masallaci sallar azahar. Daga can dattawa suka ja ni gidan wata ta'aziyya, ban dawo ba sai bayan la'asar.

A ƙauyukanmu, idan ana son ruwa ya yi sanyi a bazara, buhun algarara ake jiƙawa a naɗe bido da shi, a ajiye inda iska ke bi. Haka ake yi wa gora, haka ake yi wa goro. Da na shigo, sai na ga buhu a jiƙe sharkaf a kan turmi, an naɗe shi da kyau, an ɗaure da igiya. Surukar ta taso da fara'a ta durƙusa.

"Kawu, na ji ka ce zafi ya kama ta. Tun ɗazu nake yayyafa mata. Taɓa ka ji, ta yi sanyi."

Na dubi bidon da ke jingine a gindin danga. Ya yi ƙasa sosai. Rabonta na yinin nan ne ta zuba a kan buhun, leɓɓanta kuwa duk sun tsage. Na kwance igiyar, na ɗaga murfin, ruwa ya gangaro daga tsakanin haruffa ya ɗiga a ƙafata. Na danna, na sake dannawa. Babu ko ƙyaftawa.

Na ce mata ta kyauta, Allah ya yi albarka. Ba ta yarda ba, domin ta ga fuskata. Ta koma bayan ɗaki, muna jin shesshekarta.

Na zauna kusa da Yaya na ce, "Na kalli saƙon nan tun a Zinder, na riƙe shi kalma-kalma. Bari in faɗa miki abin da ya ce."

"A'a."

"Aikina ke nan, Yaya. Na yi wa Larabawa, na yi wa Nasara, na yi wa Barebari, ba wanda ya taɓa cewa na rage masa magana."

"Su baƙi ne. Ni da abin da na haifa sai an sa mana tafinta? Kai kana da daɗin baki, za ka gyara masa. In yana da magana, in ji ta a bakinsa."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta da ƙarfin hakan. Amma na san ta tun ina bayanta, ba ta sauya magana.

Washegari da sassafe na kama hanya. Babu amalanke, don shanun da ke jansu sun mutu ko an sayar. Na taka har bakin kwalta, na zauna a gindin wata aduwa har wata motar hatsin agaji da ta sauke kaya ta tsaya mini. A Zinder na wuce kai tsaye wajen wani mai gyaran rediyo da talabijin da muka daɗe tare. Ya juya sabuwar gaba da baya, yana shafa ta da yatsa.

"Alhaji, ina ƙusoshinta?"

"Ban taɓa dubawa ba."

"To babu. Manne ta aka yi. Batirin ma yana ciki, yana ta cin ta tun jiya. Da irin ta da ce, sai in zare batir, in kwance ta, in shanya a rana kamar tsaba. Wannan in na ɓalle ta, na ƙarasa ta."

Ban ce tsohuwar ba ta jin ruwa ba. Da ita aka naɗe a buhu, wataƙila ita ma da ta suma. Bambancin shi ne waɗanda suka ƙera ta sun sa a ransu cewa wata rana za ta lalace a hannun wani, a wani wuri mai nisa, sai suka bar masa hanyar shiga. A Marseille na ga ana jefar da na'ura saboda ta shekara uku. A Tarabulus sai a sayi wata. A Kano da Abidjan na ga kasuwanni cike da mutane masu kwance matattun na'urori biyu su tada guda. Mu muna cikin waɗannan na ƙarshen, kuma kayan da ake yi yanzu ba da mu a rai ake yin su ba. Suna da kyau da sauri, suna son ɗaki mai sanyi da kuran, wato lantarki, da ba ya yankewa.

Mai gyaran ya ara mini batirin mota da wani ɗan akwati mai juya wutarsa ta dace da kwamfuta. Muka gwada tsohuwar a shagonsa, ta yi gurnaninta ta tashi. Na kwana a gida don babu mota, ban kuwa rintsa sosai ba. Duk sallamar da aka yi a ƙofa sai in zaci labarin rasuwar Yaya aka kawo.

Komawar ta fi zuwan wuya. Daga bakin kwalta na ɗora batirin a kai bisa gammo, kwamfutar a kafaɗa, faifan a aljihun gaba. Shekaruna sun wuce na irin wannan dako. Ina tafiya ina hutawa, ina kasa kunne ko zan jiyo kukan mata daga gari. Da na hango rumfar babu taron maza a ƙofar gida, sai na sauke kayan na zauna a ƙasa na ɗan lokaci kafin in ƙarasa.

Yaya tana da rai, amma ba ta iya zama. Muka tallafe ta da matashi. Zafin ranar bai gaza na shekaranjiya ba. Na haɗa wayoyi, ƙofar faifan ta turo kanta waje, na sa shi na mayar. Fanka ta ɗauka da ƙarfi har sai da na ƙure murya. Surukar ta tsaya can nesa, hannayenta a baya.

Ya sake gaida gari tun daga farko. Ya gaida limami, ya wuce. Sai ya cire hula.

"Inna," ya ce, "na san kina jina. Na tafi ban yi miki sallama ba, don na san in na dube ki ba zan iya tafiya ba. Ban tafi don raini ba. Yaran nan na duba, na ga babu abin da zan ba su. Tunda na zo ban ji daɗin komai ba. Ki yafe mini, don Allah, don Annabi. Ko ba ki ce in dawo ba, ki yafe mini."

Ya sunkuyar da kai, hoton ya tsaya a nan. Babu abin da ake ji a rumfar sai fanka.

Har na zaci barci ya ɗauke Yaya. Sai ta ce, "Muryarsa ta dushe. Ba ya cin abinci."

Sai ta kira ni.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Kira limami da mutum biyu."

Da suka zo suka tsuguna a bakin rumfa, ta ce, "Ku shaida. Maganar da na yi ranar da ya tafi, na janye ta. Na yafe masa duniya da lahira. Allah ya yi masa albarka inda yake, ya ba shi abin da ya je nema." Limami ya ɗaga hannu, muka shafa.

Bayan sun fita, surukar ta matso a hankali ta durƙusa kusa da turmin, ba ta taɓa komai ba.

"Kawu, akwai sauran wuta?"

"Akwai."

"A mayar da shi farko. Ɗazu ban duba fuskarsa ba, Inna nake kallo."

Na mayar. Yaya ta rufe ido tana saurare tare da ita.

Yaya ta rasu kafin ruwan farko ya sauka.