Faifai Ukun da Baba Ya Hana a Taɓa

A jikin kwalin an rubuta tera ashirin da huɗu, da manyan baƙaƙe, yadda ko mai ciwon ido zai karanta daga bakin ƙofa. Wannan rubutun ne ya cuce mu, kuma har yau in na ga kwali da lamba a jikinsa sai raina ya ɓaci.

Shekarun nan ne da gangar mai ta haura dala ɗari, duk wanda ka gani da hula a karkace to akwai kwangila a aljihunsa. Ƙungiyar ci gaban yankinmu, wadda ta haɗa 'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ita ma ta samu rabonta. Aka yi ta cacar baki a kan abin da za a yi, daga ƙarshe aka tsaya a kan shawara mai kyau, wannan kam ba zan hana su ba: a ɗauki dattawan yankin a kyamara, kowa ya faɗi abin da ya sani na tarihi da noma da al'ada, a adana tun kafin ƙasa ta rufe musu ido. Ni ne ɗan yankin da ya karanta kwamfuta a Zariya kuma bai gudu Legas ba. Don haka aka ba ni ɗaki a Ƙanƙara, da janareta, da wani akwatin ƙarfe mai nauyin buhun masara, sabo a cikin kwalinsa. A cikinsa akwai faya-fayan ajiya goma sha biyu a jere, kowane ɗaya tera biyu. Tera dai ma'auni ne na yawan abin da faifai ke ɗauka.

Ni kuwa ba don tarihin yanki na karɓi aikin ba. Don Baba na karɓa. Mahaifina manomi ne a wani ɗan ƙauye bayan Pauwa, kuma shi ne na ƙarshe a wajenmu da ya iya kirarin gayya irin na kakanninmu, tun kafin gidanmu ya musulunta. In aka taru noman gayya, makaɗa na buga gangar noma, shi ne zai shiga gaban samari da gatarinsa a kafaɗa yana kiran gona da sunanta, yana jero waɗanda suka sare dajinta, da irin geron da suka shuka, da shekarar da fara ta cinye ta. Samari su yi ta zuba kunya kamar an sa musu wuta. Ni ban gaji komai daga ciki ba, boko ya ɗauke ni tun ina ƙarami, ƙannena kuma kunyar abin suke ji. Na san in Baba ya tafi, ya tafi da shi.

Tun ban kwance kwalin ba, shugaban ƙungiya, wani Alhaji mai kirki amma mai son lasifika, ya riga ya yi lissafinsa. Ya tambayi masu kyamara wuri nawa ɗaukar awa ɗaya ke ci a faifai, ya raba ashirin da huɗun nan da shi, ya ga wuri har da rara. Ya tsaya a taro a Mairuwa ya yi alkawari cewa duk dattijon da ke ƙananan hukumomin nan uku sai an ɗauke shi, ba za a bar ko ɗaya ba. Aka yi tafi, mata suka yi guɗa.

Da na haɗa akwatin na kunna, allo ya nuna tera goma sha biyar da 'yan kai. Ban yi mamaki ba, don haka abin yake a ko'ina. Masu ƙera faifai da dubu suke ƙirgawa, ita kuwa na'ura dubunta ya ɗara dubu, kamar dai mudun mai sayarwa da mudun mai saye, tun daga nan wani abu ya zube. Sannan faifai ɗaya ba a zuba masa komai, yana zaune ne yana jiran ranar da wani zai mutu ya maye gurbinsa. Gwargwadon faifai biyu kuma na tafiya ne wajen rubuta bayanan kariya, waɗanda da su na'ura za ta sake gina abin da ya lalace. Ita kanta na'urar tana yankar nata don harkokinta. Abin da ya rage shi ne naka.

Na je na yi wa Alhaji wannan bayani. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Injiniya, ashirin da huɗu muka biya. Tara ɗin nan ina suka tahi?”

“Ranka ya daɗe, suna nan cikin akwatin, ba dai a zuba musu kaya ne.”

“To mi ye amfanin ɗakin da aka gina aka hana kowa shiga?”

Na ce amfaninsa ranar da rufin wani ɗakin ya rufta. Ya yi dariya ya ce Allah ya tsare, kuma ai in wuri ya ƙare sai a ƙaro, kuɗi ba su ne matsala ba. A shekarun nan kowa haka yake cewa. Na roƙe shi ya koma ya rage alkawarin da ya yi, ya dube ni kamar na ce ya fita kasuwa ba riga.

Aka fara ɗauka da rani, kuma aka fara yadda ake fara komai a wajenmu, daga sama. Masu sarauta tukuna, sai manyan malamai, sai alhazai, sai tsofaffin kansiloli. Baba dole ya zo ƙarshe, ba don talaucinsa kaɗai ba. Kirarinsa ba ya yiwuwa a zaure. Sai a gona, sai da damina, sai gero ya kai gwiwa an kira gayyar maimai. Aka ce masa ya jira damina, ya ce to.

Duk mako masu kyamara za su kawo mini abin da suka ɗauko, in juye a akwati. A nan na ga abin da ya hana ni sukuni. Babban mutum ba ya fara magana sai ya gaida kowa. Zai gaida mai gari, da liman, da shugaban ƙungiya, da mataimakinsa, da ma'aji, da direban da ya kawo su, ya tambayi gida da gajiya da iyali, a amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Sai addu'a. Sai wani ya miƙe ya gabatar da shi, wani ya miƙe ya gode wa wanda ya gabatar. Akwai wani attajiri a Sabuwa da aka yi yini ana ɗauka, abin da ya faɗa na tarihi bai wuce cewa kakansa ya zo daga gabas ba. Kyamara kuwa ba ta san babba ba, ba ta san gaisuwa ba, ci kawai take yi.

Na kai ƙara gaban kwamiti. Na ce a bar ni in yanke gaishe-gaishen, ko in matse hotunan su rage girma. Wani dattijo a cikinsu ya ce, “Yaro, kai ka taɓa ganin an katse babba yana magana? Wanda aka yanke ma gaisuwa tai, ɗiyanshi za su gani, su ce mun wulaƙanta ubansu.” Batun matsewa kuma, suka ce fuskar wane za a dusashe a bar ta wane? Na fito ina huci. Abin haushin shi ne ba mugunta suke yi ba, ladabi ne, irin wanda ni ma aka rene ni a kansa.

Ana cikin bazara, hadari ya fara haɗowa ta gabas, akwatin ya cika. Ko rabin dattawan 'Yargoje ba a kai ba, balle ƙauyukan bayan Pauwa. Kwamiti ya sallami masu kyamara, aka ce sai an ƙaro faya-fayai a kasafi mai zuwa. Amma Alhaji ya ja ni gefe, don ya san damuwata. Ya ce in ina so in saki faifai ukun nan da nake ta karewa, shi ba zai hana ba, zai dawo da masu kyamara a yi gayyar Baba da sauran na ƙauye. Ya ce shawara tana hannuna.

Na san abin da hakan ke nufi. Ɗakin nan wuta na zuwa tana ɗaukewa yadda ta ga dama, zafi kuma ba a magana. In na rushe kariyar, faifai ɗaya kacal ya mutu, to duk abin da ke akwatin ya tafi, na manya da na ƙanana. Amma wallahi zuciyata ta karkata. Na hau babur na tafi gida.

Na tarar da Baba a gindin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya. Ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma cika kallon idona ba. Na tsuguna na gaishe shi, na kwashe komai na faɗa masa, yadda zai gane. Ya bar sassaƙar ya ce, “Wato ukun nan, in wani abu ya samu sauran, da su za a tada su?”

“Haka ne, Baba.”

“To ai iri ne.”

Ya nuna saman rumbun da bakin wuƙa, inda yake rataye zangarniyar da ya zaɓa tun kaka. Ya ce shekarar babban fari, ina goye, sun ci ganyen tafasa, sun ci dusa, uwata ta yi kuka a kan ya sauko da irin nan a daka, bai sauko da shi ba. “Kai kuma yanzu za ka cinye irin mutane don a ji muryata? Maganar dattawan ƙasa uku tana ciki. In ta ɓace a ce mi? A ce ɗan wane ne ya yi, don ubanshi? Kada ka taɓa. Damina ba wannan ce ta ƙarshe ba.”

Na ce to bari in ɗauke shi da wayata ranar gayya. Nan ne ransa ya ɓaci. Ya ce sauran an shimfiɗa musu darduma, an kafa musu kyamara mai ƙafa uku, jama'a sun taru, shi kuma sai a sace shi cikin aljihu kamar ɓarawon akuya? Zai jira layinsa. Ranar gayyar na gwada duk da haka, na laɓe bayan wata ɗorawa na ɗaga wayar. Ya hango ni, ya yi shiru tsakiyar kirari, makaɗa suka tsaya, samari suka ɗago suna kallona. Sai da na mayar da ita aljihu na nuna masa tafin hannuna sannan ya ci gaba. Na tsaya na saurara da kunnena kawai, kuma kunnen ɗan boko rariya ne.

Kasafi mai zuwa bai zo da komai ba. Farashin mai ya faɗi, masu hula a karkace suka daina ɗaga waya. Alhaji ya yi ta zirga-zirga zuwa Katsina har ya gaji, kuma na ga ya tsufa a shekara guda saboda kunyar alkawarin Mairuwa. Damina ta sake zagayowa Baba na kwance, ƙafafunsa sun kumbura. Ko a lokacin, in na je gaishe shi, sai ya tambaye ni, “Irin naku yana nan?” In ce yana nan. Ya ce madalla. Bayan an gama girbi ya rasu.

Abin da ya biyo baya kowa a yankin nan ya sani. 'Yan bindiga suka fito daga daji, ƙauyenmu ya watse, ƙannena suna raɓe a Ƙanƙara da Funtuwa. Gonakin da Baba ke kira da sunayensu sun koma sabara. Ko yau aka kawo mini faifai ɗari, ban san wa zan je in ɗauka ba.

Akwatin kuwa yana nan, na kwaso shi gidana da ofis ya rufe. Faifai ya taɓa mutuwa a ciki, wanda ke zaman jira ya karɓa nan take, ko harafi bai ɓace ba. Daga baya wani ya sake mutuwa, kariyar ta riƙe. Baba ya yi gaskiya, ni ma na yi gaskiya, kuma ban san abin da gaskiyar ta amfana mana ba. Irin da ya rataye a rumbu ana sauko da shi a shuka. Nawa ba ya tsirowa. Babu wanda ya taɓa zuwa ya ce a kunna masa, har 'ya'yan attajirin nan na Sabuwa da aka ji tsoron ɓata wa rai.

Ni kaɗai nake kunnawa in an kawo wuta, kuma wuri ɗaya nake zuwa. Ranar da aka ɗauki mai garin Pauwa, talakawa sun taru a bayan kyamara, Baba yana cikinsu, ya zo ganin yadda ake yi kafin layinsa. Mai gari ya gaida manya ya gama, sannan ya ɗaga ido ya ce, “Mutanen ƙauye, ina gajiya?” Jama'a suka amsa tare. Amma akwai murya guda da ta ɗan makara, ta fito ita kaɗai bayan kowa ya yi shiru, mai kauri, irin wadda ta saba kaiwa ƙarshen gona.

“Ba gajiya, ranka shi daɗe.”

Wannan yana cikin gaisuwar da na so in yanke. A duk tera goma sha biyar ɗin nan, iyakar abin da nake da shi na Baba ke nan.