Buhu Uku da Na Binne a Bayan Kotu

Har ƙasa ta rufe idona ba na jin zan manta da wata Alhamis ta tsakiyar damina, ranar da na yi aikin da na ɗauka na lada ne. Ni ban iya karatu ba, na boko ko na Arabiyya, sai surorin salla. Binta mai buga takardu na roƙa ta zauna ta rubuta, domin ku da kuka gaje mu a wannan aiki ku ji daga bakina. In kun ga magana ta katse, kuka ne ya ci ƙarfina.

Sunana Hansatu, amma a ofis Iya ake ce mini. Shekara ashirin da shida na yi ina shara a wata kotun shari'a a nan Kazaure. Ga wanda bai san tsarin kotu ba, alƙali ne a sama. Muhti yana gefensa yana rubuta abin da masu ƙara suka faɗa. Rajistara shi ke riƙe da ofis da dukan takardu. Sai masinja, sai mai gadi, sai mai shara can a ƙasa. Amma mai shara ce ke riga kowa shiga kowane ɗaki, don haka makullin ɗakin ajiya a hannuna yake kwana.

Ga yadda ake ajiya. In an gama shari'a, sai a ɗaure fayil ɗinta da zare, a ba shi lamba, a shigar da lambar cikin babban littafin rajistara, sannan a kai shi ɗakin ajiya. Abin da ke cikin littafin nan na gwamnati ne, ba mai fitar da shi sai da sa hannu. Abin da ba ya ciki kuwa, a wurin ofis babu shi. Ku riƙe wannan, don a nan abin ya faru.

Maigidana, ba zan ambaci sunansa ba, ban taɓa ambata yana raye ba. Malam nake ce masa. A wani ƙauye kusa da Roni aka haife shi. Ya sauke Alƙur'ani a zauren mahaifinsa, ya yi karatun littattafai a wurin kawunsa, sannan ya tafi Kano makarantar koyon shari'a. Ya dawo ya yi muhti, ya yi rajistara. Yana da shekara arba'in da wani abu ya koma jami'a ya zauna aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa, mutane na yi masa dariya. Matarsa ta fari ta rasu, ni ma nawa mijin ya rasu, a bakin ƙofar kotun nan muka san juna, ina riƙe da tsintsiya. Da ya aure ni ya ce in ci gaba da aikina, babu abin kunya a shara.

Shi aikinsa tarihin shari'a ne, yadda alƙalan da suka shuɗe suke yanke hukunci. Ya rubuta littafi biyu. Na farko a kan rabon gado da gonaki kafin zuwan Turawa, na biyu a kan rigimar burtali tsakanin makiyaya da manoma. Ni dai bangonsu na sani, ɗaya kore ɗaya ruwan ƙasa. Bayan ya yi ritaya an bar masa izinin shiga ɗakin ajiya ya yi karatu, ko ranar Asabar. Sai ya ce, "Hansatu, makulli," in miƙa masa. A gida ba ma zancen ofis. Shi bai fara ba, ni ban tambaya ba, ina ganin abin ya fi ƙarfin kaina.

A waccan damina ya yi ta zirga-zirga Gwiwa a kan babur, ya dawo jiƙe. Wata Asabar ya karɓi makulli kamar kullum. Washegari Lahadi ya bi ta Babura ya tsallaka Nijar, wajen wani tsohon malami, ya ce zai yi mako uku. Garin da ya je ba a samun waya.

Ranar Litinin na buɗe ɗakin ajiya na tarar da buhunan taki uku a jingine a kusurwa, an ɗaure bakinsu da igiyar rama. Na share na kewaye su. Ranar Laraba takarda ta zo cewa masu duba ofisoshi za su zo daga Dutse. Rajistaranmu a lokacin sabo ne, wata biyu ke nan da kawo shi, mutum ne mai tsoron laifi. Alhamis da safe ya shigo da babban littafinsa yana bin kanta ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kan buhunan.

Ya ce, "Iya, waɗannan fa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, nan na gan su."

Ya duba littafi, ya sake dubawa. Ya ce, "Ba su da lamba. In suka zo suka ga buhun taki a ɗakin ajiya, ni za su fara ci. A fitar da su yau. Duk inda za ki kai ki kai, ko bola ce."

Bai kwance ko ɗaya ba. Ni na kwance, bayan ya fita. Takardu ne fal, sun yi ja saboda tsufa, babu bango, gefen wasu ya cinye. Duk rubutun Arabiyya. Ban iya karatu ba, amma na san kamannin Bisimilla, na san kamannin sunan Allah, kowace 'yar Musulmi ta sani. Kusan kowace takarda da na ɗaga, ga shi a samanta. Na ce a raina, wani ne tsofaffin littattafan addininsa suka yage ya rasa inda zai kai, ya zo ya jibge mana. Kuma an ce in kai bola, inda awaki ke tono, inda ake zubar da ƙazantar yara.

Mu yadda muka taso, takardar da ke ɗauke da sunan Allah in ta tsufa ba a yar da ita. Ana naɗe ta a binne a wuri mai tsarki inda ƙafa ba ta takawa. Haka na ga kakata ta yi, haka uwata ta yi. Na koma gida na buɗe akwatina na ɗauko farin yadin da na saya na ajiye don ranar da za a yi mini sutura. Na ce waɗannan sun fi ni cancanta.

Malam Buba mai gadi na roƙa ya haƙa mini rami. Bafulatani ne dattijo, abokin wasana. A ƙarshen makon da aka kawo buhunan ya je rugarsu, shi ma bai san daga inda suka fito ba. Ya sa diga nan dutse, ya sa can dutse. Ya ce, "Iya, garin nan naku ko kabari sai an yi faɗa da shi." Na ce, "Kai dai raggo ne, madara ta lalata ka." Muka yi dariya. Wallahi dariya muka yi. Daga ƙarshe ya sami ƙasa mai laushi a bayan ɗan masallacin kotu. Ba mu tsaya mun tambayi kanmu dalilin laushinta ba. Kwari ne, nan ruwan indararo yake taruwa.

Da ya gama ya jingina da digarsa ya ce, "Iya, ko dai ki kai wa Malam gida, in ya dawo ya duba?"

Na ce, "Gidanmu ya cika da takarda, ga kaji, ga yoyo. Ba zan kai sunan Allah inda kaza za ta taka ba."

Wannan maganar tawa ita ce ba ta barina barci har yau. An faɗa mini daidai, na ƙi.

Muka zazzage buhunan cikin farin yadin, na ɗaure, muka saka, muka mayar da ƙasa. Na yi addu'a. Masu dubawa suka zo suka yaba tsaftar ɗakin ajiya. Rajistara ya ce, "Iya, aikinki ya yi kyau." A makonni biyun da suka biyo baya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Malam ya dawo ranar wata Litinin da hantsi. Bai biya gida ba, kotu ya wuce da jakarsa. Ina goge taga na ga ya shiga ɗakin ajiya, ya fito, ya sake shiga. Sai ya zo ya tsaya a gabana.

Ya ce, "Hansatu, akwai buhu uku a kusurwa."

Na ce, "Kai Malam, ai na yi musu sutura." Da fara'ata na faɗa, ina jira ya sa mini albarka.

Ya ce, "Sutura?"

Na ba shi labari duka, har da farin yadin. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi haka ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Nuna mini wurin."

Buba ya kawo diga, Malam ya ce a'a, da hannu. Malam, dattijo mai shekara sittin da bakwai, ya durƙusa cikin taɓo da farar rigarsa yana tono. Ma'aikata suka fito suka tsaya, masu ƙara ma suka kewaye mu. Da muka kai ga yadin, ya yi baƙi. Muka ɗago shi yana ɗiga. Tawadar mutanen da ta gawayi da ƙaro ce, irin wadda ake wanke allo da ita, ruwa kaɗan ya ishe ta. Takardun sun manne sun zama curi ɗaya kamar tuwon da ya kwana, gara kuma ta shiga ta ƙasa. Malam ya yi ta ɓanɓarowa a hankali, yana ɗaga kowace ga rana. Babu komai. Toka-toka kawai. Cikin buhu uku, takarda goma sha ɗaya ce aka iya karanta wani abu a jikinta.

A nan, yana durƙushe, na ji ko mene ne. Rubutun shari'o'in wani tsohon alƙalin ƙasar Gwiwa ne da na ɗansa, tun kafin a kafa kotu irin tamu. Shekara tara Malam yana bin jikokinsu kafin su yarda su ba shi aro. Babu kwafi a ko'ina a duniya. Ya kawo su ɗakin ajiya ne don ɗakinmu na gida yana yoyo.

Rajistara ya ruɗe, ya ce zai ba ni takardar tuhuma, wato takardar da ake ba ma'aikaci ya kare kansa kafin a hukunta shi. Malam ya miƙe yana share hannu a riga ya ce, "A kan me? Ba su cikin littafinka. Kai ka bi doka, ita ta bi tarbiyya. Ni ne na ajiye amanar mutane ban gaya wa kowa ba." Washegari ya hau babur shi kaɗai ya tafi Gwiwa ya faɗa wa masu takardun. Bai taɓa gaya mini abin da suka ce masa ba. Na dai ga bai sake zuwa garin ba.

Kwana uku ban ci abinci ba. A rana ta huɗu bayan la'asar ya kira ni ya ce in zauna a tabarmarsa, abin da bai saba ba. Ya ce, "Na rubuta littafi biyu don mutanen jami'a. Shekara goma sha tara ina karɓar makulli a hannunki, ban taɓa zaunar da ke na ce ga abin da ke ɗakin ba. Bari in faɗa miki yau."

Ya ce littafi na uku da yake shiryawa a kan mata ne, matan karkara da suka taka da ƙafarsu suka kai ƙara gaban alƙali. Sunayensu suna cikin buhunan nan, ba su a wani wuri. Ya ce a Gwiwa ya fara karanta shari'ar wata mai suna Ige, wadda wanta ya hana ta rabonta na gonar ubansu. Ta yi tafiyar yini guda da goyo, ta kawo shaidu biyu, ta gaya wa alƙali ta san iyakar gonar tun daga tsamiya har zuwa suri, don ita ta kai wa ubanta fura a can tun tana yarinya.

Na ce, "An ba ta?"

Ya ce, "Ban kai ga hukuncin ba. Magariba ta yi, na ce sai na dawo daga Nijar."

Bai rubuta littafin ba. Teburinsa na nan, alƙalaminsa na nan, amma sai ya zauna ya yi ta kallon bango. Bai taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Bayan damina biyu Allah ya karɓi abinsa. Mutane sun ce ciwon zuciya ne. Na san kwana ne ya ƙare, na yarda da ƙaddara, amma ni na san ranar da ya fara mutuwa, ina tsaye a wurin.

To ku masu tsintsiya da ku masu gadi, ku ji. Kyakkyawar niyya ba ta maye gurbin tambaya. Takardar da ba ku san ta ba, ku ajiye ta a busasshen wuri har mai ita ya zo, ko wa ya ce a fitar. Ku kuma masu alƙalami, wadda kuka ba makulli ku gaya mata abin da take gadi. Minti biyar ya isa. Mu ba dabbobi ba ne, karatu ne kawai ba mu samu ba.

Takardu goma sha ɗayan nan jikokin alƙalin ba su karɓa ba, suna cikin akwatina, inda farin yadin yake a da. Na sa an karanta mini su duka, sau biyu. Babu sunan Ige a ciki. Duk sallar da na yi ina sa Malam a addu'a, ina sa ta ita ma. Har yau ban sani ba ko an ba ta gonarta, kuma babu wanda zai sani, don ni na binne amsar da hannuna.