Layin Da Ba Shi Da Suna

Umara mai wake na Kasuwar Kwastam bai iya zama wuri ɗaya ba. Ko shayi a tsaye yake sha. Haifaffen unguwar Lamisula ne, ya gaji rumfar ubansa, ya kuma gaji ɗawainiyar ƙaninsa Inuwa, wanda shi ke bin motoci ƙauyuka yana sayo kaya.

Da rikici ya yi tsanani, hanya ta zama abin ɓoyo. 'Yan wake suna da guruf a waya inda ake sanar da tashin mota, sai aka tare wata mota jim kaɗan bayan an rubuta lokacin fitarta. Zargi ya shiga tsakani, har aka tafi da wani bawan Allah don kawai an ga sunansa a ciki. Umara ya kasa barci, ya kasa cin abinci, sai da ya fito da dabara. Ya sayo sababbin layukan waya don sabon guruf, ya zuba a hularsa, kowa ya sa hannu ya ɗauki ɗaya bai nuna wa kowa ba. Ba suna, ba hoto, ba saƙon murya, labarin hanya kawai. Shi kansa bai san lambar kowa ba, kuma wallahi yana alfahari da hakan kamar shi ya ƙera wayar.

Abin ya yi aiki, ba ƙarya. Har wata Talata da hantsi wani layi ya rubuto: "An tare mu. Ku faɗa wa gidana."

Umara ya kira, a kashe. Ya sake kira. Wane gida? Mutumin ya bi doka har a wannan halin, bai sa suna ba. Ga shi a garin nan ba a aika mugun labari ta waya, babba ne ke takawa da ƙafarsa ya je ya zauna ya faɗa.

Ya zaga rumfuna yana leƙa fuskoki, gumi na zuba. Mutum uku ne ba sa kasuwa: Hashim, Ajimi, da Inuwa. Layin Inuwa na kullum ma ba ya shiga, amma ai a daji ba sabis, haka ya dinga gaya wa kansa.

Ya hau Keke Napep zuwa Bulabulin, gidan Hashim. Matarsa ta ce yanzu suka gama magana, ya sauka lafiya. Umara ya ce alhamdulillahi. Ya nufi gidan Ajimi, a hanya ya kama kansa yana fatan kada ya same shi, kunya ta rufe shi, ya yi istigfari. Ya tarar da Ajimi a ƙofar gida yana fama da zazzaɓi, bai ma yi tafiyar ba.

Lamisula, inda gidan Inuwa yake, ba nisa, amma sai da ya bi ta wasu unguwanni. Ya wuce ƙofar gidan ƙaninsa, ya dawo, ya sake wucewa, sannan ya yi sallama.

Aisa, matar Inuwa, ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa. Ta lura ya zauna, mutumin da ba ta taɓa gani a zaune ba.

Ta ce, "Ya Umara, lafiya da rana tsaka? Ko shi ne ya aiko ka?"

Ya dubi kofin ruwan, bai taɓa ba.

Ya ce, "Shi ne. Zauna, Aisa."