Ƙirga Talatin Kafin Miƙewa

Ranar Talata, ƙarfe bakwai da kwata na safe, ina zaune a zaure tare da mai ɗakina, na haɗiyi ƙwayar farko ta maganin tansiyo, wato hawan jini. Kafin takwas ta cika fuskata ta ɗauki zafi, zuciyata tana dukan ƙirji. Na ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, na dubi agogo: casa'in da takwas a minti guda. Na sake ƙirgawa har sau uku. Tun ina lakwal, makarantar 'yan mishan, bugun nan saba'in da biyu ne, ban kuma saba da abin da ke sauya lokacinsa babu dalili ba. Zama ya gagare ni, na hau kabu-kabu sai asibiti.

"Baba, aikin maganin ke nan," in ji likitar, wadda ba ta kai autata shekaru ba. "Yana buɗe hanyoyin jini. In sun buɗe, ƙarfin jinin ya sauka, sai zuciya ta ƙara sauri don ta cike gurbin. In ba ta lafa ba ku dawo. Amma kada ku miƙe farat ɗaya, jiri zai kada ku. Ku motsa ƙafafu, ku ƙirga talatin, ku tashi sannu."

Nan ne wahalar take. A lakwal an hore mu da cewa in babba ya shigo, a miƙe tun ƙafarsa ba ta ƙetare ƙofa ba. Wanda ya makara yatsunsa su sha sanda. Shekara sittin ban taɓa karɓar baƙo a zaune ba.

Sai na tsara dabara: mai ɗakina ta riƙa tsare baƙo a ƙofa da doguwar gaisuwa har in gama ƙirga.

"Malam, ni ce jandarma yanzu?" ta ce. Amma ta yi.

Kwana huɗu ina zaune kunne a waje, ko tafiyar akuya na ji sai in fara ɗaya, biyu. Ranar Asabar ta tafi kasuwa, yayanta kuwa ya iso daga Guéné ba sanarwa, dattijon da ya ba ni aurenta. Ya yi sallama, ya ɗaga labule. Ina kan bakwai ƙafafuna suka miƙe da kansu. Zauren ya yi duhu, goshina ya sami bakin randa.

Ɗinki huɗu aka yi mini. Maganin ina shan sa har yau, baƙi kuma a zaune nake karɓar su.