Sandar Fatsar da Na Ƙi Tsallakewa

Shekarun baya, ina aji biyar na firamare, maƙwabcinmu a unguwar Bukit Jalil, a ƙasar wajen da Abbana yake karatu, ya ɗauke mu ni da Abbana zuwa kamun kifi a teku. Abin da na fara lura da shi da muka isa bakin ruwa shi ne silifas ɗin mai gadin jiragen. Ɗaya shuɗi ne, ɗaya baƙi, kuma an ɗaure igiyar shuɗin da zaren fatsa. Dattijo ne siriri, ɗan Indonesiya. Shi ya riƙe mana jirgin muka shiga, sannan ya miƙo mini alawar citta, ya nuna cikinsa, wai saboda tashin zuciya. Ko godiya ban iya yi masa ba don kunya.

Maƙwabcin namu tsohon malamin makaranta ne, Pak Cik muke kiransa, wato kawu. Yana da ɗan ƙaramin jirgi mai inji da sandunan fatsa uku. Babbar cikinsu 'ya'yansa ne suka haɗu suka saya masa da ya yi ritaya. Abin naɗe zarenta ruwan zinare ne, kuma na lura da hankici yake goge ta, sauran biyun kuwa da gefen rigarsa.

Kafin ya tada inji ya dube ni ya ce, “Doka ɗaya ce a jirgin nan. Ba a tsallake sanda. In aka tsallake, kifi ba zai ci ba.”

Abba ya yi dariya. “Camfi har a kan teku, Pak Cik?”

“Dokta, ka riƙe littattafanka ka bar mini teku.” Dokta yake ce wa Abba, alhali a lokacin ko rabin karatun digirinsa na uku bai kai ba.

Mun kama kifi huɗu, ni ban kama komai ba sai jiri. Wajen azahar hadari ya taso, su biyun suka tafi gaban jirgi suna jan anka, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, sun ba ni baya. Amai ya taso mini, ina so in kai bayan jirgi, ga babbar sandar nan a kwance ta gitta hanya. Da wata yarinya ce, da ta tsallake abinta. Ni kuwa sarkin bin doka, sai na ɗaga ta da hannu biyu na jingina ta a gefen jirgi, na wuce. Daidai nan wani babban jirgi ya gifta, igiyar ruwansa ta girgiza mu. Ina kallo sandar ta sulale. Ko ƙara ba ta yi ba. Na ga zinaren nan ya yi walƙiya sau ɗaya a cikin ruwa, shi ke nan.

Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ruwan sama ya sauko, Pak Cik ya ja tamfol ya rufe kayan bai ƙirga ba, muka kamo hanya. Da muka iso gaɓa muka tafi ɗan masallacin wurin muka yi salla. Sai da muka dawo Pak Cik ya yaye tamfol, ya ga babu babbar sandar.

Ya tambayi mai gadi wa ya shiga jirgin. Mai gadi ya ce ba kowa, yana nan zaune. Pak Cik bai ce masa ɓarawo ba. Kallonsa kawai ya yi, dogon kallo, har dattijon ya sunkuyar da kai yana duban silifas ɗinsa.

Bayan kwana biyu da la'asar Pak Cik ya shigo gidanmu da takardu. Ashe ya yi wa jirgin inshorar Musulunci da ake kira takaful, har da kayan kamun kifi. Ina ajiye musu shayi na ji yana yi wa Abba bayani. In sata aka yi, za su biya, amma sai an kai rahoto wurin 'yan sanda, kuma sai da shaida. In kuwa kaya ruwa suka faɗa, irin inshorar da ya zaɓa ba ta biya. Yana so Abba ya sa hannu cewa sandar ta dawo gaɓa tare da mu.

“Mai gadin fa?” in ji Abba.

“Masu tashar jiragen sun ce ya zauna a gida tukuna. Dole sunansa ya shiga rahoton. Gobe da safe za mu je.”

Na koma kicin, na ɗauki albasa na hau yanka, ba wanda ya sa ni. Umma ta tsaya tana kallona.

“Ke, kwana biyu ba kya cin abinci. Me kika aikata?”

Na faɗa mata, ina kallon wuƙa. Ta yi salati, ta kashe gas.

“Bawan Allah zai rasa hanyar abincinsa, ke kina nan kina yanka mini albasa? Wuce mu je.”

“Umma, ke ki faɗa musu.”

“Ni na ɗaga sandar?”

Ta kama wuyan hannuna har falo. Biro na hannun Abba, ya riga ya cire murfin. Na durƙusa na faɗi komai, idona a kan yatsun ƙafar Pak Cik. Abba ya ajiye biron.

“Kwana biyu! Kina ji ana zargin mutum, kika yi shiru? Da na sa hannu a kan ƙarya fa?”

Pak Cik ya ɗaga masa hannu. Ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa. Can ya ce, “To me ya sa kika ɗaga ta?”

“Ka ce ba a tsallakewa.”

Sai ya fashe da dariya har da hawaye, ko da yake ban tabbata duk hawayen na dariya ba ne. Ya ce, “Shekara da shekaru ina faɗa wa mutane dokar nan, ba wanda ya taɓa ji sai ke.” Ya ninke fom ɗin gida huɗu ya sa a aljihu. Abba ya ce zai saya masa wata, ya ce, “Bari, Dokta. Sanda ta tafi inda kifi yake. Abin da ke damuna kallon da na yi wa mutumin nan ne.”

Inshora ba ta biya ba, domin bai ma kai takardar ba. Har muka bar gidan da ƙananan sandunan biyu yake fita, kuma bai taɓa tada mini maganar ba. An mayar da mai gadi bakin aikinsa.

A gidanmu kullum yabona ake yi a kan shiru, a ce yarinyar nan akwai kunya. Nima na ɗauka duk shiru ladabi ne. Ranar nan na gane cewa na yi shiru ne don in tsira, wani kuma yana ɗauke da laifina a gidansa. Har yau magana a gaban manya tana yi mini nauyi, amma in na ji murya ta fara maƙalewa, silifas ɗin nan nake tunawa, shuɗi da baƙi.

Da Pak Cik ya tashi tafiya a ranar, ya ce da safe zai je ya ba mai gadi haƙuri. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na bi shi har bakin ƙofa, na ce, “Pak Cik, don Allah in za ka tafi ka ƙwanƙwasa mana. Ina so in faɗa masa da bakina. Kuma ban yi masa godiyar alawa ba.”