Layin da Babu Suna

Jama'a, abin nan da zan gaya maku a Anka ya same ni, wajen shekara tara bayan masifar gubar dalma da ta kwashe yara a Dareta da Tungar Daji da ƙauyukan kewaye, kuma wallahi tallahi ban ƙara ko kalma guda ba, in ma akwai abin da na yi to ragewa na yi. Ni mutumin Gummi ne, aikin kwamfuta na karanta, kuma a lokacin wata ƙungiyar lafiya da ba zan faɗi sunanta ba ta ɗauke ni aikin wata uku a wani ɗan asibiti, in gina masu shafin da za su riƙa ganin yaran da aka yi wa magani tun wancan lokaci, don a san wanda ya kamata a kira a sake auna jininsa.

Bari in yi maku bayanin aikin, kada wani ya ce ruɗewa na yi. Akwai rumbun bayanai, wato kamar babban littafin rajista a cikin kwamfuta, kowane yaro da layinsa: lamba, suna, sunan uba, ƙauye, ranar haihuwa, da hoto. Shi kuwa shafin da ma'aikata ke gani a allo ba ya ajiye komai. Duk sanda aka buɗe shi, babbar kwamfutar da muke kira saba ce ke zuwa rumbun ta kwaso layukan, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta jera ashirin-ashirin, ta ɗauko hoton kowa da lambarsa ta manna a gefe, sannan ta miƙo wa mai kallo. Shekarun yaro ma ba a rubuce suke ba, ita ke lissafawa daga ranar haihuwa zuwa yau. Shafi biyu na yi, na masu rai da na waɗanda suka rasu. Sunayen mamatan kuwa, masu gari ne suka aiko da su a takarda, ni na shigar da su, na kuma rubuta umarni cewa duk layin da suna da sunan uba da ƙauye suka yi daidai da na takardar nan, a kai shi shafi na biyu. Da hannuna na rubuta wannan, ku riƙe shi a ranku.

To ni ina da wani hali, ba na son ganin gurbi a buɗe. Ko fom aka ba ni aka bar wuri ba a cike ba, sai in ji kamar ƙaiƙayi a tsakiyar baya. Malama Rabi, ma'aikaciyar jinyar da ke wurin tun farkon masifar, har tsiya take yi mani, wai ranar da aka zo ɗaukar raina sai na ce a cike takarda tukuna. Kuma akwai layi ɗaya a shafin masu rai da ya tsaya mani a wuya. Babu suna. Uba Garba, ƙauye Dareta, shekara goma sha ɗaya, ga hoton yarinya 'yar siririya da sabon kitso, tana tsaye jikin katangar ƙasa. Hoton bai dame ni ba, don yaran da suka dawo awo ana sake ɗaukar su, sai na ce ita ma ta dawo ne wani ya manta bai tambayi sunanta ba.

Ran nan ranar kasuwa, da hantsi, ido na ganin ido, kowa na hada-hadarsa, wata mata mai ciki ta zo awon jini, sunanta Hajo, daga wajen Bukkuyum inda take aure yanzu. Benci ya cika, sai ta zauna kusa da teburina tana jiran layi, ni kuma ina ta wuce shafuka. Kawai na ji ta ce, "Malam, tsaya. Maida baya."

Na mayar. Ta miƙe da ƙyar, ta matso, ta sa yatsa a kan allon.

"Wagga," in ji ta. "Yarinyar ɗakina ta."

Ni sakarai har da murna. Na ce, "To madalla, Allah ya kawo ki. Ki zo da ita a auna ta, kuma ki gaya mani sunanta in cike."

Malama Rabi ta ajiye audugar da ke hannunta ta zo ta leƙa, sai na ji ta ja salati a hankali, ta dafa kujerata. Ta ce, "Kai, yarinyar ga hannuna tac cika, tana shekara biyu. Ni na rufe mata ido." Ta nuna mani wani ɗan tabo a gefen goshin yarinyar, ta ce ƙunar garwashi ce tun tana rarrafe, ita ta sha shafa masa magani. Na dubi hoton, na dubi Hajo, innalillahi, hanci ɗaya, haɓa ɗaya. Tsigar jikina ta tashi gaba ɗaya.

Rabin abin na gane shi nan take. Lokacin masifar, mijin Hajo na farko, Garba, yana can ramin zinare, ita ta kawo yarinyar, mai rajista ya tambayi suna, yarinyar kuwa 'yar fari ce, ga shi kuma sunan uwar miji aka sa mata, ina Hajo za ta iya furtawa? Ta sunkuyar da kai, mutane na ta kuka a bayanta, ya bar gurbin ya wuce. Tun da babu suna, umarnina bai gan ta a cikin mamata ba, saba ta ci gaba da ƙirga mata shekaru kamar kowa. Wannan duk lissafi ne. Amma hoton fa? Na buɗe ma'ajiyar hotuna, na nemo lambarta, na buɗe: jaririya ce 'yar shekara biyu, ta rame, ido a lumshe, ga tabon. Na koma shafi na sabunta: yarinya mai kitso. Na karanta umarnina layi-layi ya fi sau goma, hoto ɗaya ne tak yake ɗaukowa, kuma shi ne na jaririyar. Na buga a takarda, jaririya ta fito. Malama Rabi ta ɗauki allon da wayarta, jaririya. A kan allon nan kaɗai, da ido, ake ganin babbar.

Na so in gaya wa shugabanmu, Malama Rabi ta ce, "Ka hwaɗa mashi mi? Bar ma baiwar Allah abinta."

Daga nan Hajo ta riƙa zuwa duk ranar kasuwa, a bayan mashin, da tsohon ciki, a hanyar da ko maza ba sa bi sai da addu'a. Ba ta gaishe ni da yawa, sai ta zauna a bakin bencin, in buɗe mata shafin, in ja kujerata gefe in yi kamar ina wani aiki. Ba kuka take yi ba. Kallo kawai, kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Wata rana ta ce, ba da ni take ba, "Ta yi tsawo." Wata rana kuma ta ce, "Ko wa ka yi mata kitso can?" Wallahi wannan tambaya har yau tana kunnena.

Kuma bari in tona kaina. Ina da ƙanwa, Balki, ƙyanda ta ɗauke ta tana shekara uku ina aji biyu na firamare, ko hotonta babu a gidanmu, fuskarta ma ta fara ɓace mani. Wata azahar da kowa ya tafi salla, na buɗe sabon layi, na bar suna a buɗe, na sa sunan babanmu, na sa Gummi, na ƙiyasta ranar haihuwarta, na sabunta shafin. Shekarunta suka fito, ashirin da bakwai. Wurin hoto kuwa farin akwati, fayau. Na daɗe ina kallon akwatin nan kafin in goge, na yi istigfari. Ranar na san abin da ke kawo Hajo daga Bukkuyum, kuma na yi mata hassada, Allah ya yafe mani.

Wata ukuna suka zo ƙarewa. Aka ce kafin in miƙa aiki a share duk layin da bai cika ba, kuma na san wanda zai karɓe ni ba zai tsaya tambaya ba, yana ganin babu suna zai goge. Ga kuma halin nan nawa na ƙaiƙayi. Sai na ga ai dabara ɗaya ce, a sa mata suna, layi ya cika, ba mai taɓa shi. Na tambayi Malama Rabi, ta ce su a ɗakin jinya 'yar Hajo kawai suke ce mata. Garba kuwa rami ya rufta da shi tun shekarun baya. Ba wanda ya rage sai uwar.

Na ce mata, "Hajo, ki taimake ni da sunan nan."

Ta rufe baki da gefen mayafi, har da ɗan murmushi. "Haba Malam. Ba ni iyawa."

Malama Rabi ta ce, "Kai ɗan boko, ɗiyar fari ta, kuma sunan surukarta gare ta. Kai Innarka ta taɓa kiran yayanka da suna?"

Gaskiyarta, har yau Inna "wancan" take ce wa Yaya. Amma na nace. Na ce, "Hajo, ni tafiya zan yi. In babu suna, wanda zai zo bayana goge ta zai yi, ki zo ki tarar babu kowa."

Murmushin ya ɗauke. Ta dubi allon, ta daɗe. Ta dubi ƙofa ko akwai mai ji. Sannan ta juya fuskarta ga bango, ta yi magana can ƙasa, har sai da na kara kunne.

"Sa'adatu."

Na rubuta, na danna ajiye, ina jin daɗi kamar na yi abin kirki. Shafin ya sabunta kansa. Layin babu.

Jama'a, kafin in ɗaga hannu daga kan madannai na gane abin da na yi. Sa'adatu Garba, Dareta, tana cikin takardar masu gari, ni na shigar da ita da yatsuna makonni da suka wuce, cikin su Garba da yawa, ban taɓa haɗawa ba. Umarnina ya yi aikinsa daidai, ba kuskure ko ɗaya. Na buɗe shafi na biyu, ga ta nan, shekara biyu, jaririya ido a lumshe. Na yi maza na goge sunan. Layin ya dawo cikin masu rai, shekara goma sha ɗaya, amma hoton jaririya ne. Na sabunta, na sabunta, na kashe saba na kunna, na dawo da ajiyar jiya, na shekaranjiya, na makon jiya, gumi har cikin idona. Jaririya.

Hajo tana tsaye a bayana duk tsawon lokacin nan. Da ta ga na saki hannu, sai ta matso ta dubi allon.

"Wagga na san ta," in ji ta. "Ita anka rufe. Waccan nika so."

Na ce ta yafe mani, ban ma san me na riƙa faɗi ba, ina jin har rantsuwa na yi cewa zan dawo da ita. Ta gyara mayafinta, ta dafa cikinta, ta ce ba komai Malam, haka Allah ya so. Har ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Tun da nih haife ta ban taɓa kiranta ba. Da na san kira guda gare ni, da na ɗaga murya."

Ban sake ganinta ba. Malama Rabi ta gaya mani daga baya ta sauka lafiya, mace ta samu, amma ba ta ƙara tako asibitin ba. Ni kuma na koma Gummi, na yi aure, na ci gaba da wannan aiki, na gina shafuka ban san iyaka ba, na makarantu, na masu shago, kuma ko sau ɗaya saba ba ta ƙara nuna mani abin da babu a rumbu ba. Na tambayi waɗanda suka fi ni sanin aikin, suka yi dariya suka ce tsohon hoto ne ya maƙale. Na ce tsohon hoton wa? Wa ya ɗauke shi, a ina? Wani malami a unguwarmu kuma ya ce in yi sadaka in bar bincike.

Layin nan ɗaya na kwafo shi a kwamfutata, na san bai kamata ba, da suna a buɗe. Lokaci-lokaci ina buɗewa in ga shekarun sun ƙaru, hoton dai na jaririya, in zauna ina jira kamar yadda Hajo ke yi. Kwanan baya da rana ina zaune a tsakar gida na buɗe shi, na sunkuya ɗaukar kofin shayi, matata ta wuce ta bayana da kwanon wanke-wanke, sai ta ce, "Wace budurwa ce wannan mai tabo a goshi?" Kafin in ɗago, jaririya ce. Matata ta rantse ta ga 'yan kunne.

Don haka ku masu irin aikina, da ku masu riƙe rajista a asibiti ko makaranta, in kun tarar da gurbi a buɗe, don Allah kada ku yi gaggawar cikewa, ku fara tambayar me ya sa aka bar shi. Ku kuma iyaye, ban ce ku yar da kunya ba, ni ma a cikinta na tashi. Amma in ɗanku na fari yana kusa, yana ji, ku samu rana ɗaya da ba kowa a gida, ku kira shi da sunansa yadda zai ji ya amsa.