Ni Na Tura Ƙofofin

Shekara ashirin ke nan da rasuwar maigidana, Malam Bala, amma har yau in mutanenmu sun taru a unguwar Lewisham ta Landan sai wani ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, mutumin da ya shigo Landan ta ruwa!" Nakan ce amin. Ragowar maganar kuwa yau zan faɗe ta.

Zamanin da kuɗin mai ke zuba a gida, gwamnati ta turo shi karatu can cikin karkarar Ingila. Da aka mayar da shi Landan, kowa jirgin ƙasa yake hawa. Shi sai ya ɗauko hayar wani jirgin ruwa siriri, wai mu bi hanyar ruwan da Turawa suka haƙa har cikin birni. Ina ɗauke da cikin fari, kuma ya sani.

Hanyar nan cike take da ƙofofin katako masu tare ruwa, kowacce ta fi bijimi nauyi. Dole wani ya sauka ya murɗa ƙarfe, ya jira ruwa ya daidaita, ya sa baya ya tura. Malam ya leƙa sauran jirage, ya ga maza ke tuƙi, mata na ƙasa. Mutumin da ko kasuwa ba ya barina in je, shi ne ya ce, "Asabe, al'adar garin ce, sauka."

Na sauka. Yana tsaye da babbar riga, Turawa na ɗaukarsa hoto, ni ina turi. Muka bar gonaki da tumaki, muka shiga bayan masana'antu, ruwa ya yi baƙi ƙirin. Na ce marata na murɗawa, ya ce saura kaɗan. Da muka isa, abokansa suka tarbe shi da tafi, ni aka wuce da ni asibiti. Na fito ba ciki. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da zancen ba, amma labarin jirgi, ba taron sunan da bai ba da shi ba.

Yanzu bakin ruwan duk gidajen bene ne masu tsada, samari na kwana a jirage don haya ta gagare su. Da yana nan, cewa zai yi shi ya nuna musu hanya.

Ya ciyar da mu, ban ƙi ba, Allah ya yafe masa. Abin da ya bari dai hoton nan ne na falo. Kowa rigar yake gani. Duba gefe, akwai wata a sunkuye.

Jiya 'yarmu Binta ta ce, "Mama, na yi booking ɗin jirgin ruwa, za mu bi hanyar Baba."

Na ce zan je. Amma mijinta ne zai sauka. Ni ce a kan tuƙi.